Kafin A Sayar Da Akuyar Inna: Magana A Kan Kiran Intabiyu Daga Nesa



A zangon karatun da ya wuce wani tsohon ɗalibina ya same ni bayan sallar la'asar a nan Tudun Kaya, waya a hannu, fuska cike da murna. Yana da shaidar NCE, shekara uku ke nan yana koyarwa a matsayin ɗan sa-kai. Saƙon da ke cikin wayar cewa ya yi ya hallara a wata makaranta mai zaman kanta a Abuja ranar Litinin da ƙarfe takwas na safe, domin intabiyu. Saƙon bai faɗi yawan guraben ba, bai ambaci albashi ba, ko sunan wanda ya aiko babu. Ya ce, "Malam, in je?" Na ce ya je, zuwa da kai ya fi saƙo. Mahaifiyarsa ta sayar da akuyarta, ya kwana a tasha, ya wuni a layi, aka karɓi takardunsa aka ce za a neme shi. Har yau ba a neme shi ba. Ni na ba shi wannan shawara, kuma ita nake son in warware a gaban jama'a.

Abin da nake cewa a taƙaice shi ne: kiran talaka zuwa gari mai nisa domin intabiyu, ba tare da an bayyana masa abin da ke jiransa ba, zalunci ne, ko da an yi shi cikin lafazi mai daɗi. Mu kuwa da ke tura yaranmu da "je ka gwada sa'arka" muna taya masu wannan ɗabi'a riƙe ƙafar saniya.

Mu fara da lissafi, tun da shi muke koyarwa. Ranar 29 ga Mayu, 2023 aka sanar da janye tallafin man fetur. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000 a gidajen mai da yawa. Kuɗin mota ya bi sahu. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa, wanda aka sanya wa hannu a watan Yulin 2024, naira 70,000 ne, kuma wannan na wanda ya riga ya sami aiki ne. Mai nema fa? Daga Kano zuwa Abuja ya fi kilomita 400, kuma ɗan Tudun Kaya ko Rogo sai ya fara biyan kuɗin fita zuwa babban titi. A haɗa da abinci, da wurin kwana, da hoton fasfo, da kwafin takardu. Duk wannan bashi ne ko jarin gida, aka zuba shi a kan alkawarin da ba wanda ya ɗauka.

Ba dukiya kaɗai ake sakawa a faifai ba. Wanda ya san hanyar Kaduna zuwa Abuja ya san shekarun da matafiya suka yi suna bin ta da zuciya a hannu, har jirgin ƙasan da aka koma wa aka kai masa hari ranar 28 ga Maris, 2022. Kada kuma mu manta da ranar 15 ga Maris, 2014, lokacin da aka tara masu neman aikin Hukumar Shige da Fice a filayen wasa na ƙasar nan. Mutum fiye da 500,000 suka nema, kowa ya biya naira 1,000, guraben kuwa ba su kai 5,000 ba. Aƙalla mutum 16 suka rasu a turmutsitsi a Abuja da Fatakwal da Minna da Benin. Wannan shi ne ƙarshen al'adar tara jama'a ba da ƙididdiga ba. Abin da ake yi wa yaranmu yau ƙaramin salonta ne.

Za a ce mini na zaune bai ga gari ba, kuma arziki na Allah ne. Haka ne, ban musa ba. Amma malamanmu sun koya mana cewa tawakkali ba ya hana ɗaure raƙumi. Kakanninmu fatake da suka bi hanyar Gwanja neman goro ba su tashi ayari da ka ba. Sai sun san madugu, sun san zango, sun san abin da za su sayo. Tafiya mabuɗin ilimi ce idan mai tafiya ya san inda ya nufa.

Za a kuma ce dole a tara kowa wuri ɗaya, wai idan aka bar tantancewa a ƙananan hukumomi son kai zai shiga. Wannan hujja ita ce mafi ƙarfi, don haka ta cancanci amsa. Shin son kai yana tsoron birni ne? Maganinsa shi ne a kafe yawan gurabe da sharuɗɗa kafin a fara, a aiko masu tantancewa daga wata shiyya, a zauna da wakilin ƙungiya, a kafe sakamako da maki a allon sanarwa. Jihar Kano tana da ƙananan hukumomi 44, kowace da ofishin Sakataren Ilimi. Tura jami'ai biyar zuwa Ƙaraye ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan kwaso ɗaruruwan matasa zuwa birni. Masu makarantun kuɗi na nesa kuwa ba su da uzuri ko kaɗan. A shekarar 2020, lokacin annobar korona, Majalisar Zartarwa ta Tarayya kanta ta yi zama ta bidiyo. Idan ana iya tafiyar da ƙasa ta haka, ana iya yi wa malamin lissafi tambayoyin farko ta waya, a kira shi ido da ido bayan ya shiga sahun 'yan kaɗan.

Ga inda abin ya fi yi mini ciwo. Nisa rariya ce, kuma aljihu take tacewa. Wanda ke da kuɗin mota da ɗan'uwa a birni shi zai isa gaban masu intabiyu. Ɗan manomin da ya iya aikin, wanda zai zauna a ƙauyensu shekara talatin yana koyarwa, shi ake barowa a tasha. Mata sun fi kowa cutuwa. Matar aure mai goyo, ko budurwar da iyayenta ba za su yarda ta kwana a garin da ba su san kowa ba, ta faɗi tun ba a yi mata tambaya ɗaya ba. Daga baya a turo mana wanda bai taɓa taka Rogo ba, ya yi zango biyu ya fara neman canjin wurin aiki, mu kuma mu zauna muna kukan rashin malamai mata da za su sa iyaye su bar 'ya'yansu mata a aji. Gwamnatin jiha ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Yunin 2024. Idan ana son ta kai ga makarantun karkara, to a fara da gyara ƙofar shiga aikin.

Saboda haka, wanda ya zo maka da irin wannan saƙo, kada ka ce ya je, kada ka ce ya zauna, sai ya samo amsar tambaya huɗu. Wane ne ya kira, kuma akwai takarda mai suna da adireshin da za a iya bincikawa? Gurabe nawa ne, kuma mutum nawa aka kira? Nawa ne albashin, kuma zai biya haya da abinci a garin da aikin yake? Idan ba a dace ba, gidan zai iya ɗaukar asarar? Mai ɗaukar aikin da ya ƙi amsa ukun farko ya riga ya nuna yadda zai riƙe ma'aikacinsa. Wanda kuwa ya nemi a tura masa kuɗin fom ko na "ajiye gurbi" cikin asusun wani mutum, a guje shi, ɗan damfara ne. Idan amsoshin sun gamsar, to a yi istihara a kama hanya, mu ma mu sa hannu a aljihu. Mu da ke bakin aiki kuma akwai ta biyar: wa zai riƙe ajin a kwanakin da ba ma nan?

Ina roƙon shugabannin reshe su sanya wannan batu cikin ajandar taro mai zuwa. Mu rubuta wa SUBEB da Ma'aikatar Ilimi muna neman a riƙa yin matakin farko na duk wata tantancewa a hedikwatar ƙaramar hukuma, a kuma bayyana yawan gurabe tun a sanarwa. Mu naɗa mutum biyu da matasa za su riƙa kai wa saƙon kira domin a bincika kafin su tashi. Ɗalibin nan nawa yana nan yana koyarwa a aji huɗu, kuma duk ranar da na wuce ƙofar gidansu na ga turken akuyar nan babu komai, kunya ce ke kama ni.

Allah Ya yi mana jagora, Ya buɗa wa yaranmu ta inda ba za su wulaƙanta ba.