Wata Bai San Ɗanki Ba



A ajina na ƙanana a Makarantar Lahadi akwai wani yaro ɗan shekara biyar wanda kullum wurin zamansa gefen taga. Ba ya rigima, ba ya dukan kowa, amma in an kira sunansa sai an yi sau biyu ko uku kafin ya waiga. In ana waƙa bakinsa yana motsi ne bayan na sauran. Wata Lahadi bayan an tashi sujada na tare mahaifiyarsa, 'yar zumuntarmu ce, tare muka yi mawaƙa kafin ta yi aure. Na ce mata ina so mu yi magana a kan yaron. Ta yi murmushi ta ce, "Malama, kada ki damu, na riga na san matsalarsa." Ta ciro waya ta nuna mini. Ta shigar da ranar haihuwarsa a wata manhaja, manhajar kuwa ta gaya mata cewa lokacin da aka haife shi wata yana cikin burujin ƙaguwa, saboda haka shi yaro ne mai shiga ɓawonsa, mai zurfin ciki, a bar shi kada a matsa masa. Ta ce tun da ta karanta wannan hankalinta ya kwanta.

Ban yi mata wa'azi a ranar ba. Na dai koma gida da abin a raina, domin na san ba ita kaɗai ba ce. A Facebook da TikTok waɗannan bayanai sun cika, finafinan Indiya da muke kwana a kansu kuma sun saba mana da ganin an baza takardar taurari kafin a ɗaura aure ko a raɗa wa jariri suna. Da yawa a cikinmu da ba za su taɓa taka ƙofar mai bugun ƙasa ba suna ɗauke da irin aikinsa a aljihu, don dai da Turanci ya zo, da kyawawan hotuna.

Ga abin da masu wannan sana'a suke faɗa. Sun raba hanyar da rana da wata suke bi a sararin sama gida 12, kowane gida buruji ne mai suna: rago, sa, ƙaguwa, zaki, kunama, kifi da sauransu. Wata yakan zagaye su duka cikin kwana 27 da 'yan sa'o'i, wato kusan kwana biyu da rubu'i a kowane gida. Gidan da yake ciki a sa'ar da uwa ta sauka, in ji su, shi ne yake yanke yadda zuciyar yaron za ta kasance: mai saurin fushi ne, mai kuka ne, mai son a rungume shi ne ko mai son a ƙyale shi.

Tun daga lissafin abin ya fara tangal-tangal. Mu nawa ne muka san sa'ar da aka haife mu? Ni dai abin da kakata ta iya faɗa mini shi ne zakara bai yi cara ba tukuna. A ranar da wata yake ƙetarewa daga wani gida zuwa wani, sa'a ɗaya ta isa ta mai da yaro daga ƙaguwa zuwa zaki. Sa'an nan masu duban ba su ma yarda da juna ba. Na Turai da Amurka suna lissafi daga farkon bazararsu a watan Maris, na Indiya kuwa suna bin inda taurarin suke a zahiri, tsakaninsu yanzu akwai tazarar kusan digiri 24 alhali faɗin kowane gida digiri 30 ne. Ma'ana, a cikin yara biyar, kusan huɗu za su sami buruji dabam in aka sauya manhaja. Yaron tagar nan da aka ce ƙaguwa ne, mai yiwuwa wani malamin a Indiya ya kira shi ɗan burujin tagwaye, ya ce mai surutu ne. Wasu kuma sukan ce ai wata yana jan ruwan teku, jikin mutum ma yawancinsa ruwa ne. Gaskiya ne yana jan teku, amma ba mu taɓa ganin ruwan randa ya taso don wata ya cika ba.

To me ya sa 'yar'uwata ta ji kamar an leƙa cikin gidanta? A 1948 wani malamin nazarin halayyar ɗan Adam a Amurka, Bertram Forer, ya yi wa ɗalibansa gwaji, ya ba kowa takarda ya ce bayanin halinsa ne shi kaɗai. Suka auna dacewar bayanin da su, makin ya haura 4 cikin 5. Daga baya ya bayyana musu cewa takarda ɗaya ce ya raba wa kowa, kuma daga wani littafin taurari na kasuwa ya tsinto yawancin maganganun. Wace uwa ce za a ce mata ɗanta yana bukatar ƙauna amma wani lokaci yana son kaɗaici, ta ce ƙarya ne?

Abin da ya fi ba ni tsoro ya faru ne kusa da mu, a Gana. Mu Hausawa muna da Danladi da Talatu da Balarabe da Asabe, suna ne kawai na ranar haihuwa. Ashanti kuwa sun ɗora wa sunayen ranarsu hali: Kwadwo, ɗan Litinin, ana ɗaukarsa mai sanyi, Kwaku, ɗan Laraba, mai zafin kai da neman faɗa. Wani mai bincike, Gustav Jahoda, ya duba bayanan kotun yara ya buga sakamakonsa a 1954. Ya tarar 'yan Litinin ba su da yawa a cikin masu laifi, 'yan Laraba kuwa sun yi yawa a laifuffukan da suka shafi taɓa lafiyar mutum. Laraba ba ta da hannu da za ta tura yaro faɗa. Bakin mutane ne: yaron da tun yana goye ake ce masa "ai kai Kwaku ne", in ya mari wani a yi dariya a ce halinsu ne, yakan girma ya cika abin da aka faɗa a kansa. Wannan shi ne haɗarin da nake gani a buruji. Muna cewa hali zanen dutse, amma na yaro ɗan shekara biyar danyen yumɓu ne, kuma duk kalmar da uwarsa take maimaitawa yatsa ce a jikinsa.

Littafi Mai Tsarki bai raina wata ba. A Farawa 1 Allah ne ya yi shi, ya ba shi aikin haskaka dare da nuna lokatai, har yau ma da cikar wata ake tsai da ranar Ista. Kakanninmu manoma sun san fitowar kaza da 'ya'yanta, suna karanta damina da ita, ba laifi a wannan. Inda aka ja layi shi ne a tambayi halitta abin da Mahalicci kaɗai ya sani. Maimaitawar Shari'a 18 ta hana duba. Ishaya 47 ya yi wa Babila ba'a a kan masananta masu faɗin abin da zai faru wata bayan wata, ya ce ko kansu ba za su iya ceta ba. Ayuba, a sura 31, da yake lissafa zunuban da bai yi ba, ya sa har da barin kyawun wata ya ruɗi zuciyarsa a ɓoye. Na san wani zai kawo zancen masanan gabas na Matiyu 2. Ku sake karantawa: sun ga tauraro, suka nufi Urushalima suna tambaya, annabcin Mika ne ya ce Baitalami. Kuma sujada suka je yi, ba wanda ya buɗe wa Maryamu takarda ya karanta mata halin jaririnta.

Agustin, bishop ɗin Hippo a ƙasar da yanzu ake kira Aljeriya, wanda ya rasu a 430, shi kansa ya bi masu duban taurari a ƙuruciyarsa kafin ya rabu da su. Hujjar da ya riƙa kawowa daga baya kowane ɗan Makarantar Lahadi ya san ta: Isuwa da Yakubu. Ciki ɗaya, sa'a ɗaya, har ɗaya yana riƙe da diddigen ɗaya. Wata guda ne a kansu. Ɗaya ya zama mutumin jeji mai farauta, ɗaya mai zaman gida. Wanda yake da Hassan da Husaini ko Hassana da Usaina a gidansu ba ya bukatar Agustin ya gaya masa wannan.

Amma bari in faɗi abin da ba za mu so ji ba. Manhajar nan ta ba 'yar'uwata wani abu da mu a ikkilisiya ba mu ba ta ba: ta gaya mata cewa ɗanta dabam yake, kuma bambancin ba laifi ba ne. Mu fa? Yaro mai shiru mu ce sakarai, mai motsi mu ce shaiɗan, maganin duka biyun bulala ɗaya. Wasunmu ma sun wuce nan, da yaro ya cika kukan dare ko fitsarin kwance sai a ce ruhun gado ne ko maita, a kai shi addu'ar kwana da azumi. Wanda ya ce wa yaro maye ba shi da bakin zagin wanda ya ce masa ƙaguwa, don nasa ya fi muni.

Cewa yara suna zuwa duniya da yanayi dabam-dabam gaskiya ne, ba sai an duba sama ba. Likitoci biyu a Amurka, Alexander Thomas da Stella Chess, sun fara bin diddigin yara fiye da 100 tun suna jarirai a 1956. Sun ga kusan kashi 40 cikin 100 masu sauƙin reno ne, kusan 10 masu wuya, kusan 15 masu jinkirin sabawa da sabon abu, sauran kuma ba su shiga kowane rukuni ba. Abin da suka fi nanatawa shi ne, makomar yaro ta dogara ƙwarai ga yadda renon da ake masa ya dace da yanayinsa. Ta wurin kallo suka gano haka: yadda yake barci, yadda yake karɓar baƙon abinci, abin da yake yi in baƙo ya ɗauke shi. Bulus ma da ya gargaɗi ubanni a Kolosiyawa 3 kada su matsa wa 'ya'yansu har su karai, ya bar musu aikin sanin abin da yake karya zuciyar kowane ɗa. Wannan aikin yana cin shekaru, manhaja kuwa minti ɗaya take yi ta ce an gama, uwa ta daina kallo.

Abin da ya faru da yaron taga ke nan. Makonni uku na yi ina lura da shi, na ga kullum in ina magana yana juyo mini da gefen dama na kansa. Na koma wurin mahaifiyarsa na ce, "'Yar'uwa, ki bar zancen ƙaguwa tukuna, ki tsaya ta hagunsa ki kira shi a hankali." Ta gwada a gida. Ranar Talata ta kira ni muryarta tana rawa. A asibiti aka ce ruwa ne ya taru a bayan dodon kunnensa na hagu, ya daɗe a wurin, tun wani ciwon kunne da ya yi da sanyin hunturu. An fara masa magani.

Yanzu yana zama a layin gaba, ina tsayawa ta damansa. Yana amsa sunansa da kira ɗaya, waƙa kuma yana bi daidai. Shiru dai har yanzu yana da shi, ya fi son zane da guje-guje, kuma in yara sun yi yawa yakan koma kusa da tagarsa. Mahaifiyarsa ta ce haka kakansa na wajen uba yake. Ban tambaye ta ko ta goge manhajar ba. Makon jiya ta zo da ƙanwarsa 'yar wata huɗu, ta miƙo mini ita ta ce, "Malama, wannan kuma sai ki taya ni kallo."