Kafin A Miƙa Wa Baban Bola Kyamarar Gado

Idan aka zo rabon gado a gidan tsohon ma'aikacin gwamnati, hankalin magada yakan tafi ne kan gida da fili da mota. Kyamarar da marigayin ya sayo lokacin da aka tura shi kwas Ingila, ko wadda ya yo tsaraba daga aikin Hajji, sai ta ƙare a ƙasan akwati, daga nan ta faɗa hannun baban bola a kan kuɗin da bai wuce na katin waya ba. Wasu kuma da zarar sun ji cewa a watan Yunin 2022 an yi gwanjon wata Leica ƙirar 1923 a kan Yuro miliyan 14.4, sai su ɗauka arziki ne ke kwance a ɗakin mahaifinsu, har zargi ya shiga tsakanin 'yan'uwa. Duka ɓangarorin biyu rashin sani ne ke ɗawainiya da su. Kyamara dukiyar gado ce kamar kowace, kuma haƙƙin magada ne a tantance ta, a yi mata kuɗi bisa gaskiya kafin a raba.

Tantancewar ba ta da wuya. Sunan kamfani da samfurin suna rubuce a goshin kyamarar, lambar masana'anta kuwa tana sama, ko ƙasa, ko a zoben gilashin gaba. Sunan ƙasar da ta ƙera ta shi kansa shaida ne. Wadda ke ɗauke da sunan Jamus ta Yamma ko ta Gabas an yi ta ne tsakanin 1949 da 1990, mai tambarin USSR kuma ba ta wuce 1991 ba. Iyalan waɗanda suka yi karatu a Tarayyar Sobiyat sukan tarar da Zenit, wadda sau da yawa alƙaluma biyu na farkon lambarta ke nuna shekarar ƙira. Leica M3 ta fito a 1954, Nikon F a 1959, Kodak Instamatic a 1963, sai Canon AE-1 da Pentax K1000 a 1976. Sai dai shekarar fitowa mafari ce kawai, domin an ci gaba da ƙera K1000 har zuwa 1997.

Wurin da ake yawan zamewa shi ne zaton tsufa ke sa tsada. Kodak Brownie ta fara shiga kasuwa tun 1900 a kan dala ɗaya, kuma an ƙera miliyoyinta, saboda haka yawancinsu ba su da wani kuɗin kirki a yau. Abin da ke ɗaga farashi shi ne ƙarancin samfurin, da lafiyarsa, da yawan masu nemansa. Leica da Rolleiflex na riƙe darajarsu, amma akwai jabu: akan ɗauki FED ko Zorki ta Sobiyat a zana mata sunan Leica. Ga kuma ɓarnar yanayi. Laimar damina na haifar da fumfuna a cikin gilashi, ƙurar hunturu na daskarar da injin, tsohon batir kuma yakan tsiyaye ya cinye wayoyi. Don haka kuɗin da aka riga aka sayar da irinta shi ne ma'auni, ba wanda dillali ya rubuta a intanet yana jiran mai tsautsayi ba. Kuma bai dace mai son saye ya zama shi ne mai yi mata kuɗi ba.

Duk da haka, abin da ya fi kyamarar daraja sau da yawa yana kusa da ita. J.D. 'Okhai Ojeikere ya fara ne da Brownie mai araha a 1950, ya yi aiki a Ma'aikatar Yaɗa Labarai a Ibadan, amma hotunan kitson matan Najeriya da ya ɗauka su ne suka kai sunansa manyan gidajen tarihi na duniya. Fina-finan da ke cikin ambulan a akwatin mahaifi na iya ɗauke da hawan sallah, ko bikin FESTAC na 1977, ko Abuja tun tana daji. Idan akwai fim a cikin kyamarar, kada a buɗe bayanta, domin haske zai shafe komai nan take. A kai wa wanda ya iya wanki. Hotunan da suka shafi al'umma kuwa, Arewa House da Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna sun fi kwandon shara cancantar su.

Ma'aikacin da ya saba da cewa ba a fitar da ko kujera daga ofis sai da takarda, bai kamata ya yi sakaci da kayan mahaifinsa ba. A rubuta suna da lamba, a ɗauki hoton kyamarar ta kowace fuska, a ji ta bakin masana biyu ko uku, sannan magada su yanke shawara tare, musamman idan akwai marayu ƙanana. Hotunan kuma a kwafe su a kwamfuta a ba kowa nasa, tunda su kaɗai ne gadon da kowane magaji zai samu cikakke ba tare da an rage wa wani ba.