In Kunne Ya Ji, Jiki Ya Tsira: Labarin Masu Zango A Bakin Teku

A wannan mako za mu kai ku wata ƙasa mai nisa, mu ba ku labarin wasu matafiya da suka fita shan iska, iskar kuwa ta kore su. Muna roƙo a karanta da natsuwa.

A gabashin Amurka, a gaɓar Jihar Karolina ta Arewa, akwai wasu tsibirai na rairayi, sirara, jere da juna kamar zaren carbi, tsawonsu wajen mil 200. Ana kiransu Outer Banks. Ta gabas Tekun Atlantika ne, ta yamma kuwa wani makeken ruwa ne marar zurfi da ake kira Pamlico. Hanyar mota guda ɗaya ce ta ratsa su, watau hanya mai lamba 12. Akwai wuraren da in mutum ya tsaya a kanta zai hangi ruwa dama da hagu. Tsibirin Ocracoke kuwa ba gada zuwa gare shi, sai an ɗora mota a jirgin fito an yi tafiyar kamar awa guda daga Hatteras. Al'adar mutanen ƙasar ce lokacin zafi mai gida ya ɗebi iyalinsa, ya loda tanti da tukwane da barguna a mota, su riƙa bin gaɓar teku suna yada zango, yau a nan gobe a can. Hukumar da ke kula da wannan gaɓa ta keɓe filayen zango huɗu saboda irin waɗannan baƙi.

To, sai dai lokacin hutun ya faɗo cikin lokacin mahaukaciyar guguwar teku, wadda ake sauraronta daga 1 ga watan Yuni zuwa 30 ga Nuwamba, ta fi kuma tsanani a Agusta da Satumba. Abin mamaki, da yawa daga cikin waɗannan guguwoyi daga wajenmu suke tasowa. Hadarin da ke ratsa ƙasashen Afirka ta Yamma da damina, idan ya faɗa teku ya tarar da ruwa mai ɗumi, sai ya yi ta shan tururi yana juyawa har ya zama abin tsoro. Haka aka yi a shekarar 1441 ta Hijira da ta kama a lokacin, watau 2019 ta Miladiyya. Hadarin da ya bar gaɓar Afirka ran 19 ga Agusta shi ne ya rikiɗe ya zama guguwar da aka raɗa wa suna Dorian. Ran 1 ga Satumba ta afka wa tsibirin Abaco na ƙasar Bahamas da iska mai gudun mil 185 cikin awa, mutum fiye da 70 suka rasu a ƙasar.

Kashegari, Litinin, ranar hutun ma'aikata ce a Amurka, baƙi sun cika gaɓar Karolina. Sai ga umarni daga hukuma: baƙi su fara fita ranar Talata, 'yan gari su bi bayansu ranar Laraba. A ranar Talatar nan kuwa guguwar tana can kusa da Bahamas, ɗaruruwan mil ke tsakani.

A nan ne muke so mai karatu ya sa kansa a matsayin mai gidan nan. Ya tara kuɗi shekara guda, ya nemi hutu wurin aiki, ya tuƙo mota daga nesa, ya biya kuɗin fili, ya kafa turaku, yara sun fara wasa da rairayi. Ya ɗaga kai bai ga abin firgita ba. Zuciya za ta raya masa cewa a ƙara kwana ɗaya mana, wataƙila ta karkata ta wuce. Alhali kuwa umarnin da ya ga kamar an yi gaggawarsa, an gina shi ne a kan lissafi. Dubban motoci za su bi hanya ɗaya tilo, jirgin fito kuma ba ya tashi idan iska ta yi ƙarfi. Hanyar ma kanta ba abin dogara ba ce, gama a 2003 guguwar Isabel ta yanke tsibirin Hatteras gida biyu, ta buɗe wa teku ƙofa mai faɗin kusan ƙafa 2,000 a inda kwalta take. Wanda ya jira sai ya gani da idonsa, zai ga abin ne bayan ƙofa ta rufe.

Ga abin da ya faru. Ranar Alhamis, tun guguwar ba ta iso ba, wata 'yar guguwa mai juyi ta fito daga teku a garin Emerald Isle, can kudu kaɗan, ta shiga wani filin zango ta kifar da motocin nan masu ɗakin kwana, ta farfasa su. Idan haka ta yi wa ƙarfe, ina ga tantin yadi? Ranar Juma'a da safe, 6 ga wata, Dorian ta bi ta kan Hatteras. Ƙarfin iskarta ya ragu zuwa wajen rabin abin da ta kai a Bahamas, har sanarwar ranar ta sa ta a mataki na 1 cikin matakai 5. Amma da tsakiyarta ta wuce sai iska ta juya, ta turo ruwan Pamlico kan Ocracoke ta baya, ba ta wajen tekun da kowa ke kallo ba. Cikin ɗan lokaci ruwa ya kai ƙafa 4 zuwa 7 a cikin gari. Ɗaruruwan mutanen da suka zauna, wasunsu sai da suka haye can ƙarƙashin rufin gidajensu. Wajen wata uku aka yi kafin a sake buɗe tsibirin ga baƙi.

Abu biyu muke so a riƙe. Na farko, lambar da ake ba guguwa ma'aunin iska ce kurum, ba ta faɗin yawan ruwan da za ta turo, ruwa kuwa ya fi iska halaka mutane a irin wannan masifa. Saboda haka jin cewa ta ragu ba izinin zama ba ne. Na biyu, mai gida ba ransa kaɗai yake ɗauke da shi ba. Matarsa da 'ya'yansa amana ce a wuyansa, haka kuma ma'aikatan ceto da za su shiga ruwa nemansa idan ya yi taurin kai. Mun sha jin masu cewa su sun dogara ga Allah ba za su motsa ba. Mu dai abin da muka koya wurin malamanmu shi ne, dogara ga Allah ba ya hana bin sababi, kuma ilmin da ya sa aka hango guguwa kwana da kwanaki kafin ta iso, shi ma ni'ima ce da ta cancanci godiya.

Waɗanda suka naɗe tantinsu ranar Talata sun yi hasarar kuɗi da kwanakin hutu, yara sun yi kuka a mota. Amma sun kwana a kan tudu ranar Juma'a, kuma gaɓar tana nan ga mai rabon komawa wata shekara.

Allah Ya kiyaye matafiya a tudu da ruwa, Ya mai da kowa ga iyalinsa lafiya, amin. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.