Kama da wane ba ta wane: dinozor na cikin waya da na cikin rairayin Tenere

A da can, in gardama ta yi tsami sai wani ya ce gani ya kori ji, a tashi. Yau wannan karin magana ya fara rasa ƙarfinsa, kuma wayar hannu ce ta karya shi. Daga Ƙonni zuwa Malbaza da Illela, da wuya ka zauna fadar samari ko ka tsaya bakin kwalej lokacin tashi ba ka ga an yi dafifi a kan waya ɗaya ba. Cikin abubuwan da ake tura wa juna har da bidiyon wasu manyan dabbobi masu kama da ƙadangare, waɗanda mu nan muke kira dinozor, maƙwabtanmu na Najeriya kuma suke cewa dainoso. Ga fata tana motsi, ga miyau yana dalala, ga ƙura tana tashi in ya taka ƙasa. Masu kallo sun kasu biyu. Wasu sun yarda har suna rantsuwa cewa dabbar tana raye a wani daji na Amurka. Wasu kuma sun ce duka ƙaryar Nasara ce, ba a taɓa yin irin wannan halitta ba. A ganina duka ɓangarorin sun yi kuskure iri ɗaya: sun bar ido shi kaɗai ya yanke hukunci.

Mu fara da masu cewa ƙarya ce. Ba sai an je Turai ba kafin a ba su amsa, domin Nijar tana cikin ƙasashen da suka fi arzikin ƙasusuwan dinozor a Afirka. A shekarun 1960, Faransawa masu neman uraniyom suka ci karo da manyan ƙasusuwa a Gadufawa, cikin hamadar Tenere a jahar Agadas. Masani Philippe Taquet ya je ya tono su, kuma a 1976 ya raɗa wa ɗaya daga cikin dabbobin suna Ouranosaurus nigeriensis. Duk wanda ya shiga gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai zai iya tsayawa gaban ƙasusuwan dinozor ya gani da idonsa. Daga 1993 kuma Paul Sereno na Jami'ar Chicago ya riƙa zuwa da tawagarsa, aka samo Afrovenator da Jobaria a yankin Ingal, aka samo Suchomimus a Gadufawa a 1997.

Mu ma nan Adar ba a bar mu a baya ba. Farin dutsen da ake ƙonawa a yi siminti a Malbaza, haka ma na Kalambaina kusa da Sakkwato, a ƙarƙashin teku ya samu, shi ya sa ake tsintar ɓawon halittun ruwa da suka zama dutse a cikinsa. Wannan dutse ya zo ne bayan ƙarewar dinozor, amma a ƙasan da ya girme shi, a yankin Goronyo da ke tsallaken iyaka, an tono ƙasusuwan wani ƙaton maharbin teku da aka sa wa suna Goronyosaurus a 1972. Shi ba dinozor ba ne, dangin ƙadangarun ruwa ne da suka yi zamani da su. Ke nan yaron da yake kiwo a kan duwatsunmu yana taka shaidar wata duniya da ta shuɗe, ko da ba wanda ya taɓa faɗa masa.

To, sai masu cewa abin da suka gani a waya shi ne gaskiya tsantsa. Nan ne aikin ya fi wuya, don sai mutum ya san yadda ake gina waɗannan hotuna. Ni nakan kasa wa ɗalibaina su gida uku: abin da aka tono, abin da aka auna da hankali, da abin da aka ƙawata.

Gida na farko shi ne ƙashi da haƙori da sawu. Ko shi ma da wuya a same shi cikakke. Siffar Suchomimus da ake nunawa an haɗa ta ne daga ƙasusuwan dabba fiye da ɗaya. Gida na biyu shi ne nama da jijiya da yanayin tafiya. Ƙashi yana da gurabe da tabo inda tsoka take kamawa, don haka ana kwatanta shi da na kada da na tsuntsu, waɗanda su ne dangin dinozor mafi kusa da suke raye. Wannan ba sihiri ba ne. Mahauci a kasuwar Ƙonni, in ka miƙa masa ƙashi, zai gaya maka na akuya ne ko na tunkiya, ƙarama ce ko tsohuwa. Gida na uku shi ne launi da ƙara da ƙiftawar ido da fushin fuska. A nan mai zane ne sarki. Abin takaicin shi ne wannan gida na uku shi ya fi ɗaukar ido, shi ne kuma ya fi ƙarancin hujja.

Ku ɗauki misalin raƙumi. Da a ce raƙuma sun ƙare daga duniya, aka bar mana ƙasusuwansu kaɗai, wa zai zana masa tozo? Tozo kitse ne, ba shi da ƙashi. Wa zai zana wa giwa dogon hannunta da faffaɗan kunnuwa daidai yadda suke? Irin wannan matsala ce ta sami Ouranosaurus ɗinmu. Yana da dogayen ƙasusuwa jere a gadon baya. Wasu masana sun ce fata ce aka shimfiɗa a kansu kamar tanti, wasu sun ce tozo ne na nama da kitse. Kwamfuta za ta iya zana kowanne daga cikin biyun ya fito tsaf kamar an ɗauka da kyamara. Kyan hoton bai raba gardamar ba.

Batun ci kuwa, a nan ƙashi yana magana da murya mai ƙarfi, kuma abin da yake faɗa ya fi na fim daɗin ji. A fim, kowane dinozor mai cin nama aikinsa ɗaya ne: ya bi mutum da gudu yana ruri. A Gadufawa kuwa, kimanin shekaru miliyan 110 da suka wuce, lokacin da wurin yake da koguna da bishiyoyi, mafarautan sun raba sana'a. Suchomimus, mai tsawon kusan mita 11, yana da dogon baki siriri irin na kada, da haƙora sama da 100 masu tsini, waɗanda aka yi su don riƙe abu mai santsi. Ma'anar sunansa ma ita ce mai kwaikwayon kada. Yana kuma da babban farce mai lanƙwasa a babban yatsan hannu. Wannan siffar masunci ce. Hujjar ba ta tsaya ga siffa ba: a 1983 an tono ɗan'uwansa Baryonyx a Ingila, aka sami ɓawon kifi a gurbin cikinsa, tare da ƙasusuwan wani ƙaramin dinozor. Wato masunci ne wanda in nama ya samu ba ya ƙi.

A gefensa akwai Eocarcharia, wanda aka bayyana a 2008, mai haƙora masu faɗi da kaifi, da tsaga-tsaga a gefe kamar zarto. Wannan mahauci ne, yanka yake yi. A cikin ruwa kuma ga Sarcosuchus, ƙaton dangin kada wanda kansa kaɗai ya haura mita ɗaya da rabi. Shi kuwa Tyrannosaurus da yara suka fi sani bai taɓa taka Afirka ba, a Arewacin Amurka ya rayu. An san yana farfasa ƙashi ne saboda a 1998 an bayyana wani kashinsa da ya zama dutse a Kanada, cike da gutsattsarin ƙashi. Ga irin hujjar da nake so yaranmu su saba nema.

Yanzu mu duba abin da fim ya yi da waɗannan halittu. A Jurassic Park na 1993 an nuna Velociraptor da tsayin mutum, fatarsa tsirara. Na gaskiyan bai fi talotalo girma sosai ba in ka cire doguwar wutsiya, kuma a 2007 an gano gurabun gashin tsuntsu a ƙashin hannunsa. Rurin Tyrannosaurus da yake firgita yara an haɗa shi ne daga kukan ɗan giwa da damisa da kada. A kashi na uku na fim ɗin, a 2001, an haɗa Spinosaurus da Tyrannosaurus faɗa, alhali teku ta raba su, kuma tsakaninsu akwai kusan shekaru miliyan 30. Hatta haƙoran nan da ake barinsu a waje don tsoratarwa, wani bincike na 2023 ya nuna mai yiwuwa leɓe ya rufe su. Duk wanda ya taɓa kallon damo da bakinsa a rufe ya san ba a ganin haƙoransa, saɓanin kada. Masu binciken sun ce Tyrannosaurus ya fi kama da damo a wannan fanni.

Labarin Spinosaurus shi ya fi kowanne koyar da darasi. Bajamushe Ernst Stromer ya bayyana shi a 1915 daga ƙasusuwan da aka tono a Masar. A 1944 bama-baman yaƙin duniya suka rugurguza su a birnin Munich. Shekaru da dama ana zana shi daga tsofaffin zane-zane da hotuna. A 2014 Nizar Ibrahim da abokan aikinsa suka fito da sabuwar siffa mai gajerun ƙafafun baya, bisa ƙasusuwan da aka samu a Maroko. A 2020 aka bayyana wutsiyarsa, faffaɗa kamar filafilin tuƙa kwalekwale, aka ce gwanin iyo ne. A 2022 Sereno da tawagarsa suka gina nasu samfurin a kwamfuta, suka ce a'a, a bakin ruwa yake tsayawa yana kamun kifi. Kowace siffa da aka fitar, an yi mata bidiyo mai kama da gaskiya. Dabba ɗaya, kamanni huɗu ko biyar. Wannan ba abin kunya ba ne ga kimiyya, haka take gyara kanta duk lokacin da sabon ƙashi ya fito. Abin kunyar yana ga wanda ya ɗauki bidiyo ɗaya ya ce shi ke nan.

Kada a fahimce ni da cewa kwamfuta maƙaryaciya ce. Nigersaurus, dinozor mai cin ciyawa da yake ɗauke da sunan ƙasarmu, ƙasusuwan kansa sirara ne ƙwarai, ba su jure a yi ta juya su da hannu. Da na'urar ɗaukar hoton cikin jiki irin ta asibiti aka haɗa kan nasa a 2007, aka ga faffaɗan baki mai haƙora sama da 500. Launi ma wani lokaci ana samun hujjarsa: a 2010 an gano cewa Sinosauropteryx na ƙasar Sin yana da wutsiya mai zobe-zoben ja da fari, daga ragowar ƙwayoyin launi a gashinsa. Bambancin shi ne masani yana nuna maka inda ƙashi ya ƙare da inda hasashe ya fara. Mai neman a danna masa bidiyo kuwa ɓoye wannan iyaka shi ne jarinsa.

Na san abin da wani zai ce: Mushe, muna fama da azuzuwan zana da ƙarancin littattafai, ina mu ina dabbar da ta mutu tun shekaru miliyan 66? Amsata ita ce ba dabbar nake karewa ba, hankalin yaron nake karewa. Yau da ƙirƙirarriyar basira kowa zai iya haɗa bidiyon abin da bai faru ba. Yaron da ya yarda da dinozor yana yawo a titi don kawai fatarsa ta yi kyau, gobe shi ne zai yarda da bidiyon ƙarya na wani malami yana faɗin abin da bai faɗa ba, ko na wani hari da ba a kai ba, ko na wani magani da ba ya warkarwa. Mu da muke bakin iyaka mun san abin da jita-jita take iya haddasawa cikin yini ɗaya. Dinozor wuri ne mai sauƙi na koyon tantancewa, don ba ya taɓa siyasar kowa ko aƙidar kowa.

Wani kuma zai ce ai fim ne yake jawo sha'awar yara, in ka rushe shi ka kashe sha'awar. Na yarda fim yana jawo su, ban kuma ce a hana kallo ba. Amma abin da na lura da shi a aji shi ne sha'awar ƙaruwa take in yaro ya ji cewa dabbar ta ƙasarsa ce. Wata rana na sa aka kawo ƙafar zabo daga gida, muka ajiye ta kusa da hoton ƙafar Afrovenator. Yatsu uku a gaba, farata masu lanƙwasa, duk iri ɗaya. Da na gaya musu cewa masana sun tabbatar tsuntsaye zuriyar dinozor masu tafiya da ƙafa biyu ne, tambayoyi suka yi ta zuwa har aka buga ƙararrawa.

Saboda haka ina da roƙo uku. Ga 'yan'uwana malamai: duk hoton da ya shigo aji, mu koya wa yara su tambaye shi, wane sashe aka tono, wane aka auna, wane aka ƙawata? Ba ya buƙatar wutar lantarki, allo da alli sun isa. Ga masu tsara manhaja da makarantun horon malamai: a sa Gadufawa da Ingal da tsohon tekun Adar cikin darasi da sunayensu, a kuma rubuta su da Hausa. Ba daidai ba ne yaron Illela ya san Tyrannosaurus na Amurka bai taɓa jin Suchomimus na Tenere ba. Ga hukumomi: ƙasusuwan da aka fitar waje don bincike a bi sawunsu su dawo, a tanadar musu wurin da ya dace, a kuma horar da 'ya'yanmu su zama masu tonowa da nazari, ba masu ɗaukar kaya da nuna hanya kaɗai ba.

Iyaye ma suna da nasu rabon. In yaro ya kawo muku waya yana cewa ku ga abin mamaki, kada ku ce masa ƙarya ce, kada kuma ku ce gaskiya ce. Ku tambaye shi: wa ya yi wannan, kuma da me ya dogara? Hausawa sun ce tambaya rabin ilimi. A wannan zamani na hotuna, ina jin ta fi rabi.