Korona Da Bakin Mutum: Darasin Da Bai Kamata Mu Manta Ba

Hausawa na cewa baki shi ke yanka wuya. Magana ce a kan harshen da ba ya da linzami, amma annobar korona ta ba wannan karin magana wata sabuwar ma'ana. Cutar ta ɓulla a birnin Wuhan na ƙasar Sin a watan Disamba na 2019, ta shigo Nijeriya ta Legas ranar 27 ga Fabrairu 2020, kuma a watan Yuni na wannan shekara Ministan Lafiya na lokacin, Dakta Osagie Ehanire, ya bayyana cewa daga cikin mutum 979 da suka rasu a Kano cikin 'yan makonni, mai yiwuwa rabi ko fiye da rabi korona ce ta kashe su. A ranar 5 ga Mayu 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye dokar ta-ɓaci a kan cutar. Tun daga nan jama'a suka ajiye takunkumi suka koma harkokinsu. To, amma janye dokar ba ya nufin ƙwayar cutar ta ƙare. Tana nan tana yawo tsakanin mutane, tana canja kama, kuma akwai wani darasi game da ita da yawancinmu ba mu koya ba ko a lokacin da ake tsakiyar annobar, watau abin da take yi a cikin baki.

Da farko an ɗauka cewa baki ƙofa ce kawai da cutar ke bi ta wuce zuwa huhu. A watan Maris na 2021 masu bincike na Cibiyoyin Lafiya na Ƙasar Amurka tare da na Jami'ar Arewacin Karolina suka buga sakamakon wani aiki da ya nuna ba haka abin yake ba. Sun gano cewa maɓuɓɓugan yawu da fatar cikin baki suna da irin kafar da ƙwayar cutar ke maƙalewa ta shiga jiki, kuma tana iya zama a can ta hayayyafa. Sun kuma ɗauki yawun mutanen da suka kamu amma ba su da zazzaɓi ko tari, suka tarar yana iya harbin lafiyayyun ƙwayoyin halitta a ɗakin gwaji. Ma'anar wannan a fili take: mutum na iya jin garau, yana cin tuwonsa yana zuwa gona, alhali bakinsa na rarraba cuta.

Wannan ya taimaka wajen fahimtar wasu alamu da masu jinya suka daɗe suna kuka da su. Wanda aka fi sani shi ne ɗaukewar ɗanɗano, inda mutum zai sa gishiri ko sukari a harshe ya ji kamar ƙasa. Akwai bushewar baki, da gyambo ƙanana a leɓe ko ganɗa, da kumburin harshe ko fari-fari a kansa. Yawancin masu wannan matsala ɗanɗanonsu kan dawo cikin 'yan makonni, ko da yake wasu kan ɗauki watanni. Tun bayan ɓullar nau'in Omikron a ƙarshen 2021 wannan alama ta ragu ƙwarai, saboda haka kada wani ya ce tun da yana jin ɗanɗanon miya, murar da ke damunsa ba korona ba ce. Haka kuma ba kowane gyambon baki ne korona ba. Gwaji ne kaɗai ke raba gardama.

Batu na biyu shi ne ciwon dasashi, wanda da yawa daga cikinmu ba ma ɗaukarsa a bakin komai. Mutum zai yi asuwaki ya tofar da jini ya ce ai itacen ne ya yi tauri. A watan Fabrairu na 2021 an buga wani bincike da aka yi a ƙasar Katar a kan masu korona 568, inda aka ga cewa masu ruɓewar dasashi sun fi sauran shiga ɗakin jinya ta musamman da wajen ninki 3 da rabi. Binciken bai tabbatar da cewa dasashin ne ya jawo tsananin ba, domin ciwon sukari da shan taba da tsufa duk suna tafiya tare da ciwon dasashi. Duk da haka ya isa ya zama gargaɗi, musamman ga iyayenmu tsofaffi da masu ciwon sukari.

Yanzu sai mu zo kan abin da ya shafe mu kai tsaye. Mu mutane ne masu waƙa. Zumuntar mata, ƙungiyar mawaƙa, matasa, kowa da ranar koyon waƙarsa. A ranar 10 ga Maris 2020 wata ƙungiyar mawaƙa a jihar Washintan ta Amurka ta taru koyon waƙa na awa biyu da rabi a cikin ɗaki. Mutum 61 suka halarta, ɗaya daga cikinsu yana fama da abin da ya zata mura ce. Fiye da 50 suka kwanta, 2 suka mutu. Dalili kuwa shi ne, in mutum ya ɗaga murya, ƙananan ɗigon yawu da ido ba ya gani suna fita da yawa su tsaya cikin iska, in tagogi a rufe suke kuwa kowa ya shaƙa. Ba wanda ke cewa a bar waƙa. Abin da ake cewa shi ne, a buɗe tagogi da ƙofofi, in da hali a yi koyon waƙa a gindin itace, wanda kuma ke tari ko ciwon maƙogwaro ya huta a gida har ya warke. Wannan ba rashin bangaskiya ba ne, ƙaunar maƙwabci ce. Haka zancen yake game da moɗa ɗaya a bakin randa wajen biki ko zaman makoki, da ƙoƙon Jibin Ubangiji a inda ake sha daga ƙoƙo guda. Tsarin wannan yana hannun shugabannin ikilisiya, amma mai mura ko gyambon baki ya kamata shi da kansa ya sanar da su.

To, ina batun magani? A nan ne aka fi yin ɓarna. A watan Nuwamba na 2020 masu bincike a Jami'ar Kadif ta Birtaniya suka ba da labarin cewa wasu ruwan kurkure baki na kashe ƙwayar cutar cikin daƙiƙa 30 a ɗakin gwaji. Labarin ya bazu kamar wutar daji, aka manta da cewa kwalbar gwaji dabam, jikin mutum dabam. Kurkure baki na iya rage ƙwayar da ke cikin yawu na ɗan lokaci, amma ba ya kai wa ga wadda ke cikin hanci da huhu, kuma maɓuɓɓugan yawu za su sake fitar da wata. Ruwan ɗumi da gishiri yana sauƙaƙa raɗaɗin maƙogwaro da gyambo, iyakar aikinsa ke nan. Citta da tafarnuwa da lemun tsami abinci ne masu kyau, ba rigakafi ba ne.

Abin da ya fi wannan muni shi ne shan magani da ka. A watan Maris na 2020 gwamnatin Jihar Legas ta ba da rahoton mutanen da aka kwantar saboda sun sha kulorokwin fiye da kima. A ƙasar Iran ɗaruruwan mutane suka mutu a wannan shekara bayan sun sha barasa mai guba da sunan kashe cutar a maƙogwaro. Akwai kuma maganin deksametason, wanda binciken Jami'ar Oksfod ya nuna a watan Yuni na 2020 cewa yana ceton masu tsananin ciwo da aka sa wa iskar numfashi, amma ba ya amfanar mai ƙaramin ciwo. A Indiya a 2021 fiye da mutum 40,000 suka kamu da wata muguwar fumfuna mai cin hanci da ganɗa da ido, kuma likitoci sun danganta abin da yawan amfani da irin wannan magani ga masu ciwon sukari. Wannan magani kuwa ana samunsa a kyamis ɗin ƙauyukanmu ba tare da takardar likita ba. Haka nan kafso na kashe ƙwayoyin bakteriya ba ya taɓa korona, sai ma ya buɗe hanya ga farin fumfuna ya rufe harshe.

Saboda haka, 'yan'uwa, abin yi ba mai tsada ba ne. A goge baki sau biyu a rana, da safe da kuma kafin barci, da buroshi da man goge baki ko asuwaki mai tsabta, kuma kada biyu su haɗa buroshi ɗaya. Mai jinya ya ware kofinsa da cokalinsa, ya sha ruwa da yawa domin kada bakinsa ya bushe. A bar al'adar tauna wa jariri abinci in uwa tana mura. A wanke hannu da sabulu kafin a sa a akushi ɗaya. Tsofaffi da masu ciwon sukari ko hawan jini su tambayi ma'aikatan lafiya game da allurar rigakafi, wadda ta iso ƙasar nan tun watan Maris na 2021, domin ita ce aka tabbatar tana rage tsananin ciwo da mutuwa. Wanda numfashinsa ya yi wuya, ko gyambon bakinsa ya wuce mako biyu bai warke ba, ko ya ga baƙi-baƙi a ganɗa tare da kumburin fuska, a kai shi asibiti ba tare da jinkiri ba.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Sanƙarau da mashaƙo da mura mai tsanani duk ta numfashi da ɗigon yawu suke bi, kuma sun sha ziyartar ƙasar nan. Ikilisiyar da ta saba da buɗe taga da ware kofin mai ciwo tun yanzu, ba za ta rikice ba ranar da wata annoba ta ƙwanƙwasa ƙofa. Allah ya ba mu lafiya da hikimar kiyaye ta.