Kaset na Lalacewa, Mu Muna Kwafar Fim

'Yan uwa ɗalibai, don Allah a daina ce mana DVD ya tsufa. Tsufan me? Birnin Lalle fa sarakunan Gobir sun zauna cikinsa bayan sun baro Azbin, tun kafin Alkalawa. Amma muryoyin tsofaffin da aka ɗauka suna ba da wannan tarihi, da bidiyon bukukuwa, suna ƙasan akwati, zafi da ƙura na cin zaren kaset.

A 2016 kamfanin Funai na Japan ya daina ƙera na'urar VHS, kuma shi ne na ƙarshe. In taku ta mutu, wa zai buɗe muku kaset ɗin?

Na'urar ɗaukar DVD ba ta buƙatar kwamfuta. Wayoyi uku ne kawai: rawaya ta hoto, ja da fara na sauti. Ka haɗa ta da na'urar kaset, ka sa sabon faifai, ka danna ɗauka. Faifai guda na cin kusan awa biyu da hoto mai kyau. Sai dai ka rufe shi a na'urar kafin ka fitar, in ba haka ba wata ba za ta karanta ba.

Masu cewa "ai waya ta isa" su faɗa mana katin memori nawa suka ɓatar bana. Faifai na karcewa, gaskiya ne. To a yi biyu, ɗaya gida, ɗaya wajen dangi a Maraɗi.

Abin haushi, masu na'urar fim ɗin Indiya kaɗai suke kwafa. Hutun nan, kowa ya je ya tambayi kakarsa makullin akwatin.