Cinikin biri a sama ya isa haka: a bar mai hoto ya gwada objektif kafin ya biya

Yau da ƴan kasuwar kayan hoto nake, kuma na san akwai waɗanda za su ji haushi. To, su ji.

Duk shekara in kokowar Takobin Ƙasa ta ƙarato, ko hawan salla a Damagaram, sai samarinmu masu ɗaukar hoto su shiga neman dogon ido, wato objektif ɗin nan mai jawo nesa kusa. Dole ce ta sa. Wanda aka tsayar bayan shinge a filin Kantu na Maradi ko Langa-Langa na Zinder ba ya da ikon shiga tsakiyar rairayi ya ɗauko fuskar ɗan kokowa lokacin da gwiwarsa ta taɓa ƙasa. Na Canon da Nikon na asali sun fi ƙarfin aljihu, sai a koma ga Sigma ko Tamron, yawanci na hannu, daga Kano ko Kwatano ko Dubai. Yaro ya kwashe kuɗin adashinsa, ya ranto cikon wurin yayarsa, ya biya jikka ɗari da wani abu. Ya je gida ya ɗaura a kyamara, ta rubuta masa Err 01. Ya kira mai kaya, amsa guda ce kullum: "Kayan waje ne, ba garanti. In ya fita butik ya fita."

Wannan magana zalunci ne da aka sa wa rigar ciniki, kuma zan faɗi dalili.

Objektif ba bokiti ba ne da za ka ɗaga ka duba gindi ka ga ko yana yoyo. Ku kwance naku ku duba bayansa, za ku ga wasu ƴan ƙarafa masu ruwan zinariya a jere. Ta nan yake magana da kyamara: ita ta ce masa matso, ja baya, tsuke ƙofar haske, shi kuma ya faɗa mata inda ya tsaya. Tun 1987 da Canon ya fito da bakin EF, duk wannan zance da lantarki ake yin sa. Kuma kamfanin kyamara ba ya baje sirrin yarensa a faifai. Irin su Sigma sai da suka kasa kunne suka koyi yaren da kansu, kamar Bahaushen da ya iya Zabarmanci a kasuwar Yamai: ciniki yana tafiya lafiya, har ranar da aka jefo masa kalmar da bai taɓa ji ba. In sabuwar kyamara ta fito da sabuwar kalma, tsohon objektif sai ya yi tsuru. Saboda haka masu cewa Sigma da Tamron jabu ne su daina, kamfanonin Japan ne masu suna. Objektif yana iya zama lafiyarsa lau, kyamara lafiyarta lau, amma ba sa jituwa. Wannan kuwa ba a ganinsa cikin kwali, ba a ganinsa a hoton WhatsApp.

Ga abin da ya fi ba ni takaici. Akwai tsofaffin Sigma na zamanin fim da har yanzu suke yawo hannu zuwa hannu. In ka ɗaura irinsu a Canon ta zamani cikin inuwar butik, inda haske bai da yawa, kyamara tana barin ƙofar haske a wangale, hoto ya fito tas, kowa ya yi murmushi, a ƙirga kuɗɗi. Fita da shi ranar Tawa da azahar. Da kyamara ta ce masa tsuke, sai ya kasa gane umarnin, komai ya tsaya, Err 01, ko Err 99 a tsofaffin kyamarori. Wanda ya san sana'arsa ya san wannan. In ya sani ya yi shiru, ya cuci yaro. In bai sani ba, mi ya kai shi sayar da abin da bai sani ba? Gwajin bai kai minti ɗaya ba: a sa kyamara a Av, a kai lamba f/11, a danna.

Masu Nikon kuma tasu daban ce. Ƙananan nan da suka cika hannun masu hoton biki, D3100, D3200, D5100 da ƴan uwansu, ba su da motar saiti a jikinsu, sai objektif ya zo da tasa. Tsohon Tamron 70-300 marar mota zai yi aiki sumul a D90 ko D7000, a D3200 kuwa ko motsi ba zai yi ba, sai dai ka murɗa da hannu. Je ka murɗa da hannu doki na sukuwa gaban fadar Sarki mu gani. A juya kuma: Tamron 150-600 G2, sabo fil, D90 ba ta iya sarrafa ƙofar haskensa, don da lantarki take aiki. Mai kaya zai rantse maka cewa "na Nikon ne", kuma bai yi ƙarya ba. Wace Nikon ɗin? Nan ne maganar take.

Na san abin da ƴan kasuwa za su ce, don na sha ji. Wai su ma haka suka sayo, ba wanda ya ba su garanti a Dubai. Wai in suka buɗe ƙofa, mutum zai ɗauka ranar Juma'a ya ci bikin Asabar da shi, Litinin ya maido ya ce bai yi ba. Ta biyun gaskiya ce, akwai masu wannan hali, kuma su ma ba su kyauta ba. Amma ba cewa muka yi a ba da aron sati ba. Cewa muka yi mutum ya zo da kyamararsa, a ɗaura gabanka, a fita ƙofar butik cikin rana, a ɗauki kusa a ɗauki nesa, minti 15. In ta mota za a aiko, a tambayi lambar kyamarar mai saye tun kafin ya tura ko dala, a kuma rubuta a resi cewa in ba su jitu ba cikin kwana 2 kaya ya dawo. Ta farkon kuwa ba hujja ba ce. Kai da ka sayo goma kana iya haɗiye asarar ɗaya, ka sayar wa mai wata kyamarar da ya dace da ita. Yaron da ya sayi ɗaya tal ina zai kai shi? Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗɗi.

Kuma ba duk ƙin aiki ne mutuwa ba. A 2013, da Nikon D5300 ta fito, Sigma da kansa ya sanar cewa wasu objektif ɗinsa ba sa aiki daidai da ita, ya ce a kawo a yi musu mizajur. Madalla, amma ɗan Tasawa ina zai kai? Akwai ɗan faifan da ake ɗaura objektif a kai a jona da kwamfuta a sabunta masa ƙwaƙwalwa, na Sigma USB Dock, na Tamron TAP-in Console, ko da yake sababbin samfuri kaɗai suke karɓa. Ɗan kasuwar da ke iya cika akwati da objektif, ƙaƙa zai kasa sako wannan guda ɗaya ya aje a butik? Ko kuɗi ya ce a biya shi a kan aikin, za a biya da murna.

Ku ma masu hoto ban ƙyale ku ba. Kokowa da hunturu tare suke zuwa, ku kuma kuna canza objektif tsakiyar ƙura kamar masu canza hula. Sau da yawa Err 01 datti ne kawai a kan ƙarafan nan. Kashe kyamara, cire batir, goge su da ƙyalle mai laushi marar gashi, a jikin objektif da bakin kyamara duka, ka maida ka murɗa har ka ji ƙas. Ba da miyau ba, ba da bakin wuƙa ba. In Nikon ta rubuta FEE, zoben lambobin da ke gindin objektif ne ya goce, kai shi lamba mafi girma, 22 ko 32, ka kulle. Batir na bogi ma yana sa babban objektif ya yi ta shiririta, gwada da na asali cikakke kafin ka tada jijiyar wuya. Sannan mai f/6.3 in magariba ta yi zai ta kai da kawowa yana neman saiti, haka aka ƙera shi, wannan ba laifin mai butik ba ne.

Abin da nake roƙo da babbar murya: kada ku kai wa mai gyaran salula. Ina girmama su, suna ceto mu kullum, amma cikin objektif akwai gilasai jere da aka daidaita da ma'aunin da ido ba ya gani, da wasu siraran wayoyi kamar bawon albasa. Wanda rashin jituwa ce kawai ke damunsa, da ana iya sayar wa wani a maida kuɗi, in ya sha sukundireba a teburin bakin titi ya zama abin danne takarda.

Masu sayen sababbin kyamarori marasa madubi, ku ma ku buɗe ido. Canon ya daɗe yana riƙe da bakin RF gam, sai a 2024 Sigma da Tamron suka sanar da objektif ɗinsu na farko da izininsa. Duk wanda ya miƙo muku tsohon EF da adafta ya ce "yana yi", ku ce a ɗaura a gani.

Ƴan kasuwar Maradi, Zinder, Tawa da Yamai da suka yarda a gwada kafin a biya, su rubuto mu faɗa wa jama'a inda butik ɗinsu yake. Waɗanda ba su yarda ba kuma su zo su faɗi dalili, makirho na jiransu.